Aiken Sigari da Tarin Baba



Mu huɗu a wannan kulob ɗin, ranar Asabar a Babbar Kasuwa muke yini, muna taya iyayenmu tsaron shago. A layinmu akwai wani dattijo ɗan dako da kowa ke kira Baba. Tun kafin gobarar da ta ci kasuwar a watan Maris na 2021 yake nan. Da, buhun masara yake saɓawa a kafaɗa ya kai har bakin mota. Yau ko baro ya tura, sai ya tsaya sau uku yana haki, ƙirjinsa na fito kamar usur.

Idan muka yi masa sannu, sai ya ce, "Ƙurar hunturu ce, 'ya'yana." Damina ta zo ta wuce, tarin na nan. Kwalaben maganin tarin da ya sha daga kemis kuwa ba su ƙirguwa.

Abin da ke ci mana rai shi ne, mu yake aike wajen mai tebur mu sayo masa sigari kara biyu, kara uku. Muna ruga da gudu, don canjin namu ne.

A ajin bayoloji muka fara jin cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda likitoci ke kira COPD. Hayaƙi ne ke kumbura bututun da iska ke bi, ya lalata 'yan jakunkunan huhu, har fitar da numfashi ya zama aiki. Taba ce kan gaba wajen jawo ta, amma hayaƙin itacen girki ma yana yi, don haka iyayenmu mata da masu tuyar ƙosai ba su tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019.

Gwajinta ba allura, ba ɗibar jini. Mutum zai cika ƙirjinsa da iska, ya hura cikin wata na'ura iya ƙarfinsa. Idan abin da ya fitar a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin 100 na duk iskar ba, ko bayan an shaƙa masa maganin buɗe ƙirji, alamar toshewa ce. Wanda ya fi buƙatar gwajin shi ne mai shan taba da ya haura shekara 40, yana kuma fama da tari, majina ko haki. Abin da ya lalace a huhu ba ya dawowa, amma barin taba yana rage saurin lalacewar.

Mun daɗe muna shawarar yadda yaro zai faɗa wa babba irin wannan magana. A ƙarshe muka bi ta wajen mahaifin ɗayanmu, shi ya zaunar da Baba bayan La'asar. Ya ce masa tarin da ya wuce mako biyu ma ana duba shi saboda tarin fuka, balle na shekaru. Baba ya ce yinin da zai ɓata a layin asibiti, wa zai ciyar da gidansa? Gaskiyarsa ce. Sai 'yan layi suka haɗa masa kuɗin yinin da na mota.

Mu kuma muka daina karɓar aiken. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara. Ranar farko Baba ya yi fushi, ko gaisuwarmu bai amsa ba. Asabar ɗin da ta biyo baya, goro ya aike mu.

Litinin mai zuwa zai je asibiti. Wanda ke da irin Baba a gida ko a unguwa, ya nemi babban da zai yi masa magana. Allah Ya ba shi lafiya, amin.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida