Ranar Da Gobarau Ta Kunyata Ɗan Gida

Duk wanda ya san harkar fim ya san yadda Kanawa da Katsinawa ke tsokanar juna a lokeshin. To, haka ta faru da wani matashi mai ɗaukar hoto, haifaffen birnin Katsina, lokacin da abokan aikinsa uku suka zo masa biki daga Kano: darakta, mai haɗa sauti, da wani mai neman zama jarumi.

Washegari da safe daraktan ya ce, "Kai mutumina, kullum kana cika mana baki da Ta Dikko ɗakin kara. Yau sai ka kai mu Gobarau."

Gogan naka ya shige gaba yana ta bayani. Sai da suka tsaya a gindin hasumiyar asirinsa ya tonu. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya tambaye shi ko ya taɓa hawa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Baba, wucewa dai nake yi bisa mashin." Nan fa Kanawa suka samu abin dariya.

Dattijon ne ya karɓi ragamar bayani. Hasumiyar ta ƙasa ce, tsawonta kimanin ƙafa 50. Ana danganta ginin ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15. Asalinta hasumiyar babban masallacin gari ce. A nan ake kiran salla, a kewayenta malamai ke ba da karatu, daga samanta kuma ake hango mahara tun suna nesa da ganuwa. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka yi mata gyara.

Hawan ba wasa ba ne. Matakalar ƙunci gare ta, sai ɗaya bayan ɗaya. Jarumin namu, mai cewa zai iya dirowa daga bene a fim, shi ya fara dafa bango yana salati. Amma da suka kai sama kowa ya yi tsit. Ga birnin nan shimfiɗe: rufin kwano, tsofaffin soraye, itatuwan bedi, ga iska mai daɗi. Ɗan gida ya daɗe yana laluben unguwarsu kafin ya gano ta.

Daraktan ya haɗa yatsu kamar firam, ya girgiza kai. "Ka ga abin haushi? Mu yi ta biyan kuɗin lambu muna zagaya fulawa kamar Indiyawa, ga lokeshin na shekara 500 muna kallo."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai Gobarau ba wurin rawa da waƙa ba ce, tushenta masallaci ne. Labari take nema: na Korau, na malaman da suka mayar da Katsina cibiyar ilmi, irin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Kuma ginin ƙasa ba ya jiran kowa, kowace damina sai ta ɗan ci rabonta.

Da suka sauko, ɗan gida ya durƙusa ya yi wa dattijon godiya, ya ce ranar Asabar zai dawo da kyamara.

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ka taho da ƙannenka, ɗana. Kada su ma sai baƙi sun kawo su."