Kifi Masu Wankin Ruwa A Riyad

Jama'a, sa'ad da na sauka Manfuha, a kudancin birnin Riyad, zatona ba abin da zan gani sai rairayi da kantuna. Tsohon gari ne, mahaifar A'asha mawaƙin zamanin jahiliyya, amma birni ya haɗiye shi. Ran Jumma'a da la'asar mai masaukina ya ce, "Malam, taso in nuna maka kogi." Na yi dariya. Kogi a Najadu?

Ashe da gaske ya ke. Sunan kwarin Wadi Hanifa, tsawonsa wajen mil 75. Da can juji ne, ruwan kwatamin birni ke malala ciki, wari ba a magana. Hukuma ta share shekaru tana gyara, har aikin ya ci kyautar Aga Khan a 2010.

Abin da ya tsai da ni shi ne wurin wankin ruwan. An jera ƙananan kududdufai 134 da aka shimfiɗa wa duwatsu, inji na hura iska ciki. Ƙwayoyin da ido ba ya gani su ci ƙazanta, gansakuka ta tsiro, ƙwari su ci gansakuka, karfasa ta ci su duka, balbela kuwa tana bakin gaɓa tana jiran rabonta. Ba a zuba magani. Ruwa ya shiga da duhu, ya fito garau. Na zaro alƙalami na rubuta wannan jeri da ajami don almajiraina.

To, malami ba ya rasa tambaya. Mun karanta cewa launi da ɗanɗano da wari su ke nuna ruwa ya canza. Idona ya gamsu, hancina ma haka, amma ban yi alwala da shi ba. Malaman Jami'ar Sarki Sa'ud su kan kama kifin kwarin, su kai ɗakin bincike, su auna dalma da sauran ƙarafa masu guba a jikinsa, gama waɗannan ba su da wari. Saboda haka da wani yaro ya miƙo mini karfasar da ya kama, sai na sa masa albarka, na bar masa abinsa.

Da magariba ta gabato, magidanta sun baza tabarmi a ƙarƙashin dabino, ana shan gahawa. Ni kuwa rafin Aboabo na Kumasi ya faɗo mini a rai, da yadda mu kan toshe hanci in za mu ƙetare gada. Mai masaukina ya taɓa ni ya ce motarmu za ta tashi.