Bomo Cikin Fentin Ruwa

'Yan uwana mata, duk wadda ta san Samarun Zariya ta san ƙauyen Bomo, ga shi nan dab da Jami'ar Ahmadu Bello. A can na koyi zane da fentin ruwa a hannun yayata, ɗaliba ce a sashen zane-zane, sashen da ya girmi jami'ar kanta, don tun 1955 aka kawo shi Zariya daga Ibadan, ita kuwa jami'a sai 1962.

Kayan aikin ba su da yawa: takarda mai kauri, buroshi biyu, kofin ruwa, sai 'yar gwangwanin kaloli. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wai ƙaro ne ke riƙe kalar a jikin takarda, ƙaron nan dai namu na Borno da Yobe.

Da kaka muka je, dawa ta nuna. Sai da muka gaida mai gida muka nemi izini kafin muka zauna gindin kuka, muna fuskantar zaurensa da rumbuna biyu. Yaya ta ce, "Ƙanwata, kalli tukuna, kar ki taɓa buroshi." Na fi minti goma ina kallo, sai ga shi katangar da nake kira ja ashe kala uku ce. Inda rana ta buga ruwan ɗorawa, tsakiya jan ƙasa, gindinta kuwa inuwa mai sirkin shuɗi.

Sama ake fara yi, a jiƙa takarda a ja shuɗi tsararo. Daga mai haske ake tafiya zuwa mai duhu, don fentin ruwa ba ya yafiya, in duhu ya zauna ya zauna ke nan. Fari kuwa ba a shafa shi, takardar ake bari haka nan. Ga hunturu ya fara kaɗawa, kafin ki ce kwabo kala ta bushe, dole hannu ya yi sauri.

Ni abin da ya tsaya min a rai, gidan da ke jikin wannan zaure tuni an rushe shi an sa bulo da kwano. Ban ga laifinsu ba, wa ke son yaɓe duk shekara? Amma wallahi bulo ba ya karɓar hasken la'asar kamar jan ƙasa. Shi ya sa na bar kukar rabi da rabi, na tattara sauran hasken ranar a kan zankon zauren da jinkar rumbunan, har aka kira magariba.