Alƙalin wasa ya yi kuka, amma hukuncin bai sauya ba

Jama'a, masu cewa VAR ta kashe daɗin ƙwallo, ku zo mu leƙa Amurka, can ma gardamar da ake yi ke nan a wasan besbol.

A wasan, mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, abokin hamayya ya make ta da sanda ya ruga zuwa tasha ta farko. In ƙwallon ta riga shi isa hannun mai tsaron tashar, ya fita. Babban burin mai jifa shi ne ya fitar da mutum 27 a jere, ba wanda ya tsira. Sau 24 kacal aka taɓa yin haka a tarihin babbar gasar MLB.

Ranar 2 ga Yunin 2010 a Detroit, Armando Galarraga ɗan Benezuwela ya fitar da 26. Saura ɗaya fa! Jason Donald na Cleveland ya buga ya ruga, ƙwallo ta riga shi ƙiri-ƙiri, amma alƙali Jim Joyce ya ce ya tsira. Da aka tashi Joyce ya kalli bidiyo, ya je ya ba Galarraga haƙuri. Washegari ya shigo fili yana hawaye. Shugaban gasar, Bud Selig, ya ƙi sauya hukuncin. Har yau babu sunan bawan Allahn nan a jerin.

A lokacin akwai duba bidiyo tun 2008, amma sai a kan ƙwallon da aka buga ta fice daga fili. Sai a 2014 aka ba koci damar ƙalubalantar irin hukuncin Joyce, a duba daga New York. Sannan aka amince daga kakar 2026 kyamara ta riƙa tantance ko jifa ta bi ta inda doka ta ce. Ƙalubale biyu kowace ƙungiya ke da shi. Ɗan wasa ya taɓa hularsa, a nuna a allo. In ya yi daidai damarsa na nan, in ya kuskure ta tafi.

Wasu na cewa ai kuskure ma yana cikin armashin wasa. To, armashi ga wa? Ɗan kallo ya yi musu ya tafi gida ya yi barcinsa, wanda aka yi wa kuma ya rasa abin da ba zai sake samu ba. Shi kansa Joyce, gogaggen alƙali, da kuskuren minti ɗaya ake tuna shi.

Ni dai tsarin ƙalubalen nan ya fi kwanta min a rai a kan na Koriya ta Kudu, inda tun 2024 na'ura ce ke yanke kowace jifa. A bar mutum ya yi alƙalanci, amma a ba shi hanyar gyara tun kafin a tashi. Wallahi da akwai ta a 2010, da Joyce ne zai fi kowa murna.

Ku me kuka gani?