Masu Hawan Itatuwan Landan da Igiya Biyu

Birnin Landan cike yake da ƙattin itatuwa, kuma ba a bayan gari suke ba. A tsakiyar unguwanni suke, rassansu sun yi rumfa a kan rufin gidaje da motocin da aka ajiye da bas mai hawa biyu. Da yawa daga cikin na bakin titi irin da suke kira filen ne, mai ɓawo dabbare-dabbare da ke ɓarewa da kansa. Na dandalin Berkeley tun 1789 aka dasa su, har yau suna nan da ransu. Wasu itatuwan sun haura mita 30. Ba a kayar da irin wannan itace a sara ɗaya a tsakanin gidaje. In za a rage shi, sai mutum ya hau can ƙololuwa da zarto, ya sauko da shi gunduwa-gunduwa.

Na ga masu wannan sana'a a wani layi na arewacin birnin, cikin hunturu, ina tare da ɗan ƙanwata da ke karatu a can. Su uku ne. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ba wanda ya yi gaggawa. Mai hawan ya zagaya gindin itacen, ya duba ko naman kaza ya fito, alamar ruɓa ke nan. Ya bubbuga jikinsa da guduma yana kasa kunne ko akwai kogo. Na ce wa yaron, wannan dai da alama tsoro yake ji. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai shi ne babbansu. Sabon shiga ne ke ɗokin hawa."

Sai aka ɗauko wata 'yar jaka mai nauyi da ba ta wuce tafin hannu ba, ɗaure da siririn zare. Mai hawan ya lilla ta, ya cilla ta sama, ta ƙetare wata gwafa mai ƙarfi ta faɗo ta ɗaya gefen. Da zaren nan aka jawo igiyar hawa. Kafin ya ɗaga ƙafa, su biyu suka rataya a jikin igiyar don su ji ko reshen zai ɗauka. Ya sa ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, da hular kwano mai maɗauri a haɓa. Kowace ƙugiyar ƙarfe da ke jikinsa ba ta buɗewa sai an yi mata motsi uku a jere, don kada reshe ya goge ta ta kuɓuce.

Sirrin hawan a ƙulli yake. Ana naɗa ƙaramar igiya a jikin babbar: in nauyin mutum ya hau kanta sai ta cije, in ya sassauta ta da hannu sai ta zame. Wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya, Karl Prusik, shi ya fito da irin wannan ƙulli a 1931, kuma sunansa ƙullin ya ci. Yanzu akwai na'urorin ƙarfe masu yin aikin, kamar ZigZag na kamfanin Petzl na Faransa, amma dabarar ba ta sauya ba. Ko mutum ya saki hannuwa duka biyu, ko ya suma, yana nan inda yake.

Igiyar kuwa biyu ce, kowacce a nata reshen. Birtaniya tana da dokar aikin sama tun 2005, kuma daga wajen 2020 aka matsa wa masu aikin itace su riƙa hawa da igiya biyu. Dalilin a fili yake: reshe kan karye, zarto kuma kan ci igiya cikin ƙiftawar ido. Na ga mutumin ya taka wani reshe har kusa da bakinsa, ya jingina baya a kan igiyoyinsa, ya ƙara zagaya wata gajeriya a jikin reshen, sannan ya tada injin zarto. Wandonsa ma na musamman ne. An cusa masa dogayen zaruruwa a ciki, in sarƙar zarton ta taɓa shi sai ta jawo su, su cushe injin ya tsaya cak.

Reshen da za a yanke ba a barinsa ya faɗo yadda ya ga dama. Akwai wata igiyar daban, ta kaya, wadda ba a taɓa hawa da ita. Ana ɗaure reshen da ita, na ƙasa ya naɗa ta a wani turken ƙarfe da aka ɗaure a gindin itacen, ya riƙa sakinta a hankali. Na sama ba ya yanka sai ya yi kira an amsa masa. Reshen da ƙarti huɗu ba za su ɗaga ba, mutum ɗaya ya sauke shi tsakanin katanga da mota, ko madubi bai taɓa ba.

Na lura ɗaya daga cikin na ƙasa yana da tasa ɗamarar da igiya a ajiye kusa, bai kuwa hau ba. Da muka tambaya, ya ce shi ne mai ceto. In na sama ya ji rauni, jiran 'yan kwana-kwana zai iya zama latti, domin wanda ya suma yana reto a ɗamara jini kan taru masa a ƙafafu. Dole a ce akwai wanda ya koyi hawa ya sauko da shi. Ya kuma nuna mana lambobin da ke jikin kayansu: wata doka ta 1998 ta wajabta a kawo ƙwararre ya bincika su duk wata shida, a rubuta.

A gida na saba ganin kuka da turaku a jikinta, masu ɗiban ganye da masu zuma suna takawa su hau. A can ko ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a ƙafa ba a sa wa itace sai wanda za a sare gaba ɗaya, domin kowace huda ƙofar cuta ce. Inda igiya za ta goga, ana rataya wani ɗamri mai zobba biyu ta bi ta ciki, kada ta ƙona ɓawon. Wasu itatuwan ma ba a taɓa su sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma in an tarar tsuntsu yana kan ƙwai a sheƙa, aikin ya dakata.

Lambun Kew, a kudu maso yammacin birnin, ya ƙara fahimtar da ni wannan hali. A watan Oktoba na 1987 wata guguwa ta kayar da itatuwa kimanin miliyan 15 a dare ɗaya, Kew kaɗai ya rasa ɗaruruwa. Wani tsohon itacen oak da aka dasa a 1798, iska ta ɗaga shi da saiwoyinsa ta mayar. Maimakon ya mutu sai ya murmure, domin ƙasar da sawun mutane ya daddaɓe ta saki, ruwa da iska suka kai ga saiwa. Daga nan ma'aikatan lambun suka shiga sassauta ƙasar gindin tsofaffin itatuwansu. Ko masifa ba su barinta ta wuce sai sun ɗauki darasi.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma haka ne. Amma muna kuma cewa gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Mutanen nan da na biyun suka yi aiki. Sun gina sana'ar a kan cewa gwani ma wata rana hannunsa zai kuskure, don haka kafin ranar ta zo an riga an rataya igiya ta biyu, an kuma tsayar da wanda zai hau ya ɗauko shi.