Kujera Mai Lamba 14

'Yan uwa, yau bari in tona wa kaina asiri.

Waɗanda suka bi motar ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa zuwa Kano a Babbar Sallar da ta wuce za su tuna rigimar da aka yi da asuba a bakin get. Mutum biyu, kowa da shaidar biya a wayarsa, kujera ɗaya: lamba 14. To, ni na haɗa manhajar kama kujerar. Mota ta cika maƙil, dole na sauka na bar wa wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya tawa kujerar. A hostel na yi Sallah, Umma na ta kira.

Abin da ya fi ci min rai, na gwada manhajar nan ya fi a ƙirga, lafiya lau. Da na kai wa malamin da ke duba aikina, bai ko kalli abin da na rubuta ba. Cewa ya yi: "Zana min duk halin da kujera za ta iya shiga."

Uku ne: babu kowa, an riƙe, an biya. Sai doka ɗaya: kujera ba za ta taɓa zama ta mutum biyu ba. Ya sa na rubuta wannan da TLA+, yaren da Leslie Lamport ya ƙirƙiro don bayyana yadda tsari zai gudana kafin a gina shi. Manhajarsa ta bincike, TLC, tana bin duk jerin da abubuwa za su iya faruwa ɗaya bayan ɗaya.

Nan take ta kamo ni. Na farko ya duba, babu kowa. Kafin ya riƙe, ta biyu ta duba, ita ma babu kowa. Duk suka riƙe. Ni kuwa ni kaɗai nake gwaji, ina zan ga wannan? Gyaran bai da yawa: dubawa da riƙewa su zama taki ɗaya.

Injiniyoyin Amazon ma da TLA+ suka gano kurakuran da gwaji bai nuna musu ba.

Masu furojet, don Allah kafin ku fara gini ku zauna da biro da takarda, ku tambayi kanku: idan mutum biyu suka danna a lokaci ɗaya fa?

Bana da ni za a tafi, in sha Allahu.