Yatsu huɗu da lissafin sha biyu

Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a makarantar sakandare kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Da ya miƙe, ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun hagu kuwa ya ƙi. Mai gashin ƙashi ta ce yatsun ba za su farfaɗo ba sai an ba su aikin yi kullum, idan kuma aka bar su, za su ƙage. Ganin ya gaji da matsa ƙwallon roba, sai 'yarsa ta jawo masa kujera gaban fiyanon da ya saya mata tun tana ƙarama.

Fiyano yana da maɓallai 88, amma sautuka goma sha biyu ne ke ta maimaituwa, farare bakwai da baƙaƙe biyar. Daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi, fari ne ko baƙi, taki ɗaya ke nan. Idan aka danna uku ko huɗu tare, an samu haɗin sauti. Wanda ya kama hankalin dattijon shi ne tauyayyen haɗi na bakwai, domin ginin sa lissafi ne zalla: a zaɓi maɓalli, a ƙirga taki uku a danna, a sake ƙirga uku, a kuma sakewa. Wanda ya fara daga B zai sauka a kan D, da F, da A♭, wato baƙin maɓallin da ke ƙasa da A. Daga B zuwa A♭ haruffa bakwai ne, amma taki tara kacal, abin da ya sa ake cewa an tauye shi.

"Ƙara taki uku, Baba," in ji ta. Ya ƙirga, sai ga shi a kan B. Murmushinsa na farko cikin makonni ke nan. Sha biyu a raba da uku, huɗu. Haɗin yana rufe da'ira ba tare da saura ba. Kafin ta buɗe baki ya faɗi abin da ke biye: irin wannan haɗi uku ne kawai a fiyano duka. Wanda ya fara daga B, da na C, da na baƙin da ke bin C. Na huɗu, mai farawa daga D, na farkon ne ya sake jeri.

Kai ya gane, hannu bai yarda ba. Ƙaramin yatsa ne ke ɗaukar B, na tsakiya D, manuni F, babban yatsa kuma ya hau A♭. Ƙaramin nan ya yi ta zamewa, sautuka huɗu suna fita uku. Wata rana ya rufe murfin da ƙarfi, ya ce wannan amo ma ba daɗi gare shi ba.

"Ba a tsayawa a kansa, Baba," ta ce. Tunda tazarar da ke tsakanin sautukan iri ɗaya ce, kunne ba ya samun wanda zai ɗauka a matsayin gida, shi ya sa yake zama cikin ɗar-ɗar. Beethoven ya cika buɗewar sonatarsa Pathétique, wadda aka buga a 1799, da irin wannan zullumi. Sauƙin yana matakin gaba: B ya hau C, A♭ ya sauko G, D da F su haɗu a E♭. Kowane yatsa motsin taki ɗaya ko biyu kawai yake yi, sai kunne ya huta. Ta kuma nuna masa cewa duk sautin da aka sauke da taki ɗaya cikin huɗun nan, wata ƙofa ce ke buɗewa zuwa wani gida dabam.

Wata biyu ya yi a kan wannan motsi, minti goma da safe, goma da yamma. Ranar da huɗun suka fita tare, 'yar tana ɗakin girki. Ta ji ya riƙe haɗin ya daɗe, ya ƙi sauka, har ta leƙo.

"Baba, ka sauka mana."

"Bari tukuna," ya ce, idonsa a kan ƙaramin yatsan da bai zame ba.